Rawar Amarcin Tahani

Kusan duk Bahaushiyar da ta yi aure a unguwarmu Bani Malik, Mansura ce ta ɗauki bidiyon bikinta. A nan Jidda aka haife ta, kakanta ya zo aikin hajji bai koma ba. Gajera ce, ga faɗa ga rantsuwa, amma mata sun yarda da ita. A ɓangarensu ake tuɓe abaya a cashe, kuma aikin Mansura bai taɓa hawa wani shafin intanet ba. Daga kwamfutarta yake tafiya kai tsaye zuwa wayar mai shi.

Kwatsam kamfanin intanet ya shaƙe wannan hanya, wai ɓarayin fina-finai ke bin ta. To, Mansura fim ɗin uban wa ta sata? Bidiyon ƙwallo yana zuwa kamar ruwan famfo, aikinta kuwa sai rarrafe. Ta kira su, suka ce komai lafiya. Ta canja kamfani, sai abin da ya ƙaru.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne bikin Tahani, 'yar Hausawan Sudan mai aiki a shagon gyaran gashi. Mahaifiyarta ba ta samu biza ba. Daga ƙauyensu ta biyo mota zuwa birnin Gadarif, inda ake samun sabis, don ta ga rawar amarya a waya, wadda ba namijin da ke kallo sai ango. Motar komawa kuma ba ta jiran kowa.

"Ya Mansura, tura ta manhajar hira kawai," in ji Tahani tana kuka. "Yalla, yi sauri, Inna za ta tafi."

"La, a'a wallahi. Ke kaɗai ce a ciki? Ga matan mutane ba ɗankwali. In ya fita, wa zai dawo da shi? Halas, magana ta ƙare."

Ta yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, a rikice ta tura su a jere. Muka zauna muna kallon layin yana motsi da ƙyar, ba abin da wani zai iya. Gunduwar farko kaɗai ta isa, wadda aka ɗauka kafin baƙi su shigo.

Can sai ga saƙon murya daga mahaifiyar Tahani, ƙarar mota na tashi a bayansa.

"Na gani, 'yata. Kujerun sun yi kyau ƙwarai. Allah ya yi miki albarka."