Libarbar Saje da Sawun Zabo Biyu

Ku matso ku ba ni kunnuwanku, jikata ta ɗauki alƙalami, ni kuwa baki ne nawa.

Damina arba'in ke nan da anka kai mai gidana makwanci a Wurno. Ba ni faɗin sunanshi. Gari na ce mai Saje, tun da ya dawo daga yaƙin Bature da ɗingishi da wata libarba, ƙaramar bindiga mai ɗaukar harsashi shida, wadda hafsanshi ya ba shi ran sallama.

Duk kayan gwamnati a zamanin nan suna da tambari, zane uku kamar sawun zabo. Yana jikin bargo, yana jikin kwano. A jikin ƙarfen libarbar nan kuwa sawun biyu ne, sun haɗa kai.

Akwai maƙwabcinmu Labbo, ɗan kanzagin fada, wanda bai taɓa jin ƙarar igwa ba amma yana yawo cikin tsohuwar kwat ta soja. Idonshi na kan fadamarmu ta albasa a bakin Rima. Wata hantsi ya shigo zaure da fuskar masoyi.

"Yaya Saje, kai libarbar nan wajen maƙeri a goge zanen ga, kada a ce sata ce."

"Mi ya dame ka da zanena, Labbo? Kwat ɗinka ma na da shi a wuya."

Da an goge, da ba mu da shaida, kuma Labbo ya san haka. Da dabara ta ƙi, sai ya kai tsegumi cewa Saje ya sato makamin gwamnati. Dogarai sunka tasa shi gaba har Rabah, inda Di'o, Baturen mulki, ya sauka rangadi. Ɗauri ke jiranshi, fadama kuma a ba wani. Na bi su a ƙasa da goyo.

Baturen nan ko kallon mai gidana bai yi ba. Saje ne ya ƙame, ya nuna da yatsa: sawu ɗaya, na gwamnati, biyu sun haɗa kai, gwamnati ta sayar, ta cire hannunta. Di'o ya duba, kunnenshi ya yi ja. Ya ce gaskiya ne, amma baƙar fata ba ya riƙe libarba. Ya jefa ta cikin akwatinshi, anka saki Saje. Mutumin da ya ba su ƙafa guda, ko sannu.

Yau bindigogi na yawo dajin Rabah da Goronyo, ba tambari, ba mai tambaya. Da Saje na nan, tsaki kawai zai yi.

Di'o ya koma ƙasarsu da abin da ba nashi ba. Labbo ya tsufa yana gadin zauren fada, kwat ɗin ta ruɓe a jikinshi. Saje ya noma fadamarshi har ya kwanta dama, kuma albasar da anka yi miyar sadakarshi ta shekara-shekara da ita jiya, daga can anka tono ta.