Addu'ar da Yaya Habibu Ya Yi wa Matuƙan Misira

Shekara goma sha biyar ke nan cif da muka ɗauki Yaya Habibu daga zauren gidanmu na Koki muka kai shi makwancinsa. Ni ne ƙaninsa, ni kaɗai na rage a ɗakinmu, gashi ya yi fari, gwiwa ta fara ƙin tashi. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in mayar in ajiye. Dalilin guda ne. Ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da nawa, nawa kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Akwai abin da na sani na ɓoye masa, ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai sama da shekara arba'in, har ya koma ga Allah ban buɗe baki ba.

Gidanmu gidan addu'ar matafiya ne tun kaka da kakanni. A zamanin fatake, in ayari zai tashi zuwa Agadas ko Tarabulus, kakanmu ne ke raka madugu har Ƙofar Mazugal, ya riƙe hannunsa ya karanta abin da zai karanta, a shafa, sannan raƙuma su miƙe. Gidan yana da doka ɗaya da ba a karyawa: ba a tambayar matafiyi ina za shi, ba a tambayarsa me ya ɗauko. Da hikimarta, domin a wancan lokaci hanyar da madugu zai bi sirri ce, in ta fita bakin mutum biyu ta isa kunnen 'yan fashi. Malam ya yi addu'arsa, sauran tsakanin bawa da Ubangijinsa. Raƙuma suka ƙare, motoci suka zo, direbobi da alhazai suka ci gaba da sallama a zaurenmu, dokar tana nan yadda aka bar ta.

Yaya ne ya gaji buzun. Tun yana saurayi ya bi ta ƙasa zuwa Makka, a hanyar dawowa ya maƙale a Alƙahira yana karatu, ya yi 'yan shekaru. Ya dawo da Larabci a baki kamar ruwa, da kuma wata cuta da ba mu san maganinta ba, wato son jirgin sama. Malami guda, da rawaninsa da carbinsa, amma da ya ji ƙugi a sama sai ya bar almajiransa da buɗaɗɗen littafi ya fita tsakar gida yana ɗaga kai. Mu ƙannensa har zolayarsa muke, mu ce Yaya, in sun faɗo maka da fukafuki ka sam mana ɗaya.

Ya san tarihin abin kamar yadda ya san Ishiriniya. Yakan ba mu labarin yadda Larabawa suka fara: samari 'yan ƙalilan aka tura Ingila suka koyo tuƙi, suka dawo da 'yan ƙananan jirage na katako da yadi, suna tafe suna yada zango kamar fatake. Na Bagadaza biyar ne, na Masar ma biyar, kuma ranar da suka sauka gari ya fito tarye. Ya ce kafin nan duk jirgin da Balarabe ya gani a sama na Bature ne, ya zo ya leƙa shi ko ya zo ya hukunta shi. Saboda haka ranar da ɗan Musulmi ya hau sama da kansa, a wurin Yaya rana ce ta ɗaga kai.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke. Ni lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, akawu a filin jirgin Kano, ga wando mai kari, ga girman kai. Aka kawo jiragen yaƙi a cikin manyan akwatuna ana harhaɗa su a nan, aka kawo Misirawa su tuƙa, domin namu ba su riga sun ƙware ba. Ana neman wanda zai yi tafinta tsakaninsu da leburori da masu dafa abinci, na ce ai ga yayana. Ni na kai shi, a bayan kekena.

Kai, ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin na Yaya a waɗancan watanni ba. Ga Misirawa, ga jirage, duka a garinsu! Su ma suka ɗauke shi uba, suna ce masa Shaihu. Ba a Kano suke yaƙin ba, daga nan ake tura su sansanonin da ke kusa da fagen daga. To duk wanda za a tura sai ya zo wurin Yaya, ya miƙa hannu, Yaya ya riƙe ya karanta masa abin da kakanmu ke karanta wa madugu: Allah ya kai ka lafiya, ya cika maka abin da ka fita nema, ya dawo da kai. Bai taɓa tambayar ko ɗaya ina za shi ba. Ba wawa ba ne, ya san yaƙi ake yi. Amma a ransa yaƙi soja da soja ne, kuma tambaya ba ta gidanmu ba ce.

Ni kuwa na sani. A ofis ina jin hirar kanikawan da ke dawowa daga can. Suna cewa wasu matuƙan ba sa yarda su sauko ƙasa-ƙasa don tsoron harbi, daga can ƙololuwa suke sakin bam, ya faɗa inda ya faɗa. Suna ambatar garuruwa, suna ambatar kasuwanni. Mutanen da ke ƙasan nan kuwa ba baƙinmu ba ne, da yawansu shekara da shekaru muna ciniki da su a Sabon Gari kafin su gudu. Kullum in na goyo Yaya za mu gida sai in ce yau zan faɗa masa, sai in tuna yadda manyan hafsoshi ke gaishe ni saboda shi, in haɗiye. Na ce wa kaina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙarya nake, tsoron rasa matsayina nake yi.

Wanda ya faɗa masa wani matuƙi ne mai suna Fu'adu, saurayi siriri da Yaya ke ji da shi. An sallame shi zai koma gida, ya biyo ta Kano, ya nemo gidanmu da hantsi. Ina zaure. Aka kawo masa fura bai taɓa ba. Ya yi magana mai tsawo da Larabci, kansa a ƙasa, ni ban ji ba sai daga baya Yaya ya fassara mini. Ya ce an aike shi kan wani wuri da aka ce sansani ne, ya saki abin da ya ɗauko, da ya juyo ya leƙa sai ya ga rumfuna da mata suna gudu, ashe ranar kasuwa ce. Sannan ya ce: "Shaihu, kai ka roƙa mini Allah ya cika mini abin da na fita nema. Ga shi ya cika. Yanzu ni da kai wa zai amsa?"

Yaya ya miƙe. Ya raka shi har bakin titi kamar yadda ake raka baƙo, ya dawo ya zauna a kan buzunsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗanjuma, ashe haka abin yake, mu duka ba mu sani ba." Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Na ce, "Wallahi kuwa, Yaya." Rantsuwar nan har yau tana maƙale a wuyana.

Bai sake taka filin jirgi ba. Kuma tun daga ranar ya karya dokar gidanmu. Duk wanda ya miƙo hannu sai ya tambaye shi ina za ka, me za ka je yi. Dattawan unguwa suka yi ca, suka ce Habibu ya zubar da gadon iyayensa, malami ya koma ɗan sanda. Wani babban ɗan kasuwa ya fita daga zauren a fusace bai sake dawowa ba, wasu da yawa suka bi shi. Yaya bai ja da kowa ba. Abin da yake cewa kawai shi ne kakanmu ya san abin da raƙumi ke iya ɗauka, shi kuwa ya ga abin da jirgi ke ɗauka. Ya ci gaba da karantarwa, ya tsufa cikin rufin asiri, amma in ƙugi ya wuce a sama ba ya ƙara fita. Sai dai ka ga leɓensa na motsi. Na taɓa tambayarsa me yake karantawa, ya ce istigfari ne, domin bai san adadin waɗanda suke binsa haƙƙi ba.

Sau nawa na zauna gabansa da niyyar in ce, Yaya, ni na sani, laifin shirun nawa ne, rage wa kanka? Ban iya ƙirgawa. Da farko kunya ce ta hana, daga baya na ce an daɗe, tone-tone ba shi da amfani. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Da na faɗa, wataƙila da ya yi fushi da ni wata guda, amma da ya san akwai wanda ya fi shi alhaki, da mun raba kayan mu biyu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jiragen da ya yi wa murna don ɗan Musulmi ya hau su, ga su can ƙasashen Larabawa suna rushe biranen juna. An ƙero ma wanda ba matuƙi a ciki, mutum na zaune a ɗaki mai sanyi yana latsawa, babu hannun da malami zai riƙe balle ya yi tambaya. A nan gida ma muna ji a rediyo an yi kuskure a kan wani ƙauye, a yi ta'aziyya, a wuce. Ina jin ba zai tsine wa jirgi ba, domin har ya mutu in ya ba da labarin samarin nan na farko idonsa na haske. Abin da zai tambaya shi ne, a cikin duk masu sa albarka da masu sa hannu, wa ya tsaya ya ce ina za a kai wannan.

Littattafansa suna hannun ɗalibansa. Buzun kuwa, da babu wanda ya rage, ni aka ɗora a kai, ni da ban kai rabin saninsa ba. Abin da ya bar mini na gaske shi ne tambayar nan tasa, kuma a watan jiya ta zo ta same ni har gida.

Jikana Sadiƙu sojan sama ne, matuƙi. Ya shigo zaure da kakinsa, ya durƙusa yana dariya, ya ce, "Tsoho, an tura mu aiki, a sa mana albarka kafin ka rigaye mu." Ya miƙo hannu. Na riƙe, na ce, "Ina za ka, me za ka je yi?" Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Kaka, doka ta hana in faɗa."

Jinina ne, ba zan iya sakin hannunsa ya tafi haka ba. Ban kuma iya karanta masa ta kakanmu yadda take ba. Sai na zaunar da shi na ba shi labarin nan duka, har da rantsuwata ta ƙarya, wadda shi ne mutum na farko da ya ji ta daga bakina. Sannan na ɗaga hannu na ce Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai. Ya ce amin da sauri. Na ce in akwai mace ko yaro ko mai talla a ƙarƙashinka, Allah ya buɗe maka ido ka gan su, ya ba ka ƙarfin zuciyar dawowa da abin da ka ɗauka, ko da za a tuɓe maka kaki.

Can ya ce amin a hankali, ya sa hularsa ya fita. Yau kwanansa ashirin da uku, kuma duk labaran rediyo sai na saurara.