Tutiyar Baba Boukari

Baba Boukari na Moshi Zango bai taɓa son komai a duniya kamar ya zama ladan ba. Tun yana matashi yake gwada murya a banɗaki, matarsa Zaratu na buga ƙofa tana cewa, "Malam, ruwan zai huce fa!"

Sana'arsa kuwa ita ta so ta ja masa. Shi ke kare tankunan gidajen mai da bututun ƙarƙashin ƙasa daga tsatsa, tun daga unguwar Adum har Buokrom. Sai ya ɗinke curin tutiya, wani farin ƙarfe mai taushi, cikin jakar ƙyalle, ya haɗa shi da bututu da waya, ya binne, ya kwara ruwa. Tsatsa sai ta bar bututu ta koma cin tutiyar. Lokaci-lokaci ya dawo da kwalbar ruwa shuɗi, ya dasa ta a ƙasa, ya duba mita. In allura ba ta kai alama ba, tutiya ta ƙare, a sake wata.

To, don Allah, wa zai ga wannan bai yi zargi ba?

Da tsohon ladan ya rasu, aka fara ambaton Baba Boukari. Nan Ruwaida mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta ce da idonta ta gan shi shekarun baya yana binne farin ƙulli a gindin famfon masallaci. "Har ruwan shuɗi yake ba shi, wallahi!"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don aikin nan sadaka ya yi shi. Liman Kamaluddin ya ce, "Baba, tono mana kawai, kowa ya huta."

Bayan azahar ya tono, unguwa duk ta taru. Curin ya zaizaye, ya koma kamar ɗanwaken da aka gutsura. Bututun kuwa lafiya lau.

"Wa ya cinye shi?" in ji Ruwaida, tana ja da baya.

"Tsatsa, 'yar'uwa. Abincinta ne."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce wa Baba ya wanke hannu ya zo ya kira salla, la'asar ta kusa.

Muryar dai, Allah na tuba, ita ce ba a taɓa binne wa tutiya ba, duk ta yi tsatsa. Amma na ga Zaratu tsaye a ƙofar gida, ludayi a hannu, tana share hawaye da gefen mayafi har ya idar.