Damina Ukun da Aka Ƙara wa Ya Falmata

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayata Falmata makwancinta a nan Gure. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'yan'uwa a yi mata addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Bana addu'ar ba ta sauke mini abin da ke raina ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato firamare, mushe kamar yadda ake kiranmu a nan, na daɗe da ajiye alli na koma lambuna a kwari. Na saba faɗa wa yara gaskiya ko ba daɗi, yau kuma manya zan faɗa wa.

Wanda bai san Ya Falmata ba, sai na fara masa daga kuskuren mahaifinmu. Ranar da Baba ya kai ta a sa ta lakwal ba ta da takardar haihuwa, kamar yawancin yaran wancan zamani. Aka ce ya je gaban alƙali da shaidu biyu a yi mata. Baba ya ji ana raɗe-raɗin cewa mushe yana korar yaran da ba su isa ba, ita kuma doguwa ce tun tana ƙarama. Da aka tambaye shi shekarunta sai ya ƙara mata damina uku, shaidunsa suka gyaɗa kai. Ya dawo gida yana fara'a, a ganinsa ya yi dabara. A wurinmu ai ba wanda ke ƙidayar shekarun yaro, kuma uba daɗi yake ji idan aka ce 'yarsa ta girma.

Dabarar ta kwanta shekara goma sha uku tana jira. Falmata ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, ita ce mace ta farko a unguwarmu da ta kai nan. Aka haɗa mata dosiye, wato tarin takardu, na neman burs, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi ya ci, ya kwana, ya sayi littafi a jami'a. Dosiyen ya dawo da layi ɗaya a kansa: ta wuce shekarun da ƙa'ida ta yanke. A takarda ta wuce, a gaskiya ba ta kai ba. Baba ya ce zai sayar da lambun ya tura ta Yamai, ta ce in ya sayar me za mu ci. Na ga tsohon nan zaune bakin zaure yana juya takardar da ba ya iya karantawa, kuma har ya rasu bai daina neman gafararta ba.

Ta samu aikin sakatariya a lise, babbar makarantar sakandare, ta zauna bayan keken rubutu fiye da rabin rayuwarta. Ba ta taɓa yin kukan abin da ya same ta a gabana ba. Maimakon haka sai ta ɗauki wata ɗabi'a da ta zama abin tsokana a gari. Idan za a je suna, mata sukan riƙe sabulu ko turmin zane. Ita kuwa kaye take riƙewa, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, da bik na rubutu a maƙale. Kafin a yanka rago ta riga ta rubuta sunan uba, sunan uwa da ranar da aka haihu. Daga nan ta sa mai gida a gaba, ba ya shan ruwa da daɗi sai ya je meri, ofishin magajin gari, ya karɓo takarda. Mata suka sa mata suna Meri Mai Tafiya. Ni kaina na sha ce mata saura akuyarmu idan ta haihu. Takan harare ni ta ce akuya ba ta neman burs.

Aikinta na biyu yakan tashi idan sakamakon bak ya fito. Ranar kasuwa za ka gan ta tana bin rumfuna tana neman iyayen yaran ƙauyukan Kelle da Gamu, tana karɓar takardu daga cikin ƙullin zane da aljihun riga. Ta buga, ta haɗa, ta duba sau uku. Wanda bai tambaye ta ba ma sai ta faɗa masa ra'ayinta. Takan ce gwamnati ce ta aiko a kawo yara, ta raba su da garke da gona tun suna 'yan shekara bakwai, don haka ba ta da hurumin sakin hannunsu a bakin ƙofar jami'a. Yaron da ya yi shekara goma sha uku a kan benci ya manta kiwo, bai kuma zama likita ba, in aka sake shi a nan an cuce shi sau biyu. Takan ƙara da cewa ma'aikacin da aka turo mana daga nesa, tun ranar da ya sauka yake neman a mayar da shi. In muna son wanda zai zauna, sai a karantar da namu. Burs a wurinta haƙƙi ne, kuma duk wanda ya kira shi alfarma a gabanta ya sha faɗa.

Cikin yaran da ta yi wa wannan hidima akwai Ari, ɗan wani makiyayi daga Kelle. Yaro ne mai kai, amma dosiyensa ya ɓace a hanya, ko kuma aka ce ya ɓace. Ya Falmata ta nemi izini a wurin aiki, ta hau mota zuwa Yamai, tafiyar da duk ɗan Gure ya san yadda take karya ƙugu. Ta yi kwanaki tana zama a bakin wani ofishi har masu gadi suka san sunanta. Ta dawo da ƙafa a kumbure da sunan Ari a cikin waɗanda aka ba. Da kuɗin gwamnati ya yi karatu, da su ya haye har ƙasar waje. Yau babban mutum ne a wani ofishi a Yamai, ana buɗe masa ƙofar mota.

Ranar addu'ar bakwai ɗinta Ari ya zo. Ya miƙe a gaban jama'a yana share hawaye, ya ce ba don ita ba da yanzu yana bayan raƙuma. Ya ce muddin yana da baki, ba ɗan talakan da zai ci bak ya zauna gida ba tare da an ji muryarsa ba. Na yarda da shi. Na rungume shi a gaban mutane, na ce Yaya ta bar magaji.

Yanzu bari in zo kan Amsatu, don saboda ita nake wannan rubutu. 'Yar maƙwabciyarmu Ya Bintu ce, ubanta ya rasu tana goye, da cinikin albasa da dabino uwar ta raine ta. Sunanta na cikin kayen, da hannun Yaya, rana da wata da shekara. Shekara biyu da suka wuce ta ci bak, burinta karatun likitanci. Takardunta ba inda aka samu aibu. Amma sunanta bai fito cikin masu burs ba, aka ce gurabe kaɗan ne, kuɗi ba su isa ba. Ta tafi jami'ar Damagaram duk da haka da buhun gero a kan mota, ta raɓa a gidan wata 'yar'uwa. Da geron ya ƙare, ga kuɗin mota kullum, ga takardun da ake saye, sai ta tattara ta dawo. Mun tarbe ta a tasha, muka sauke mata kayanta.

Ana cikin haka wata rana da hantsi ina ban ruwa, rediyo na rataye a reshen dabino, sai na ji muryar da na sani. Ari ne ake hira da shi. Cikin natsuwa yake bayani, wai lokaci ya yi da iyaye za su gane cewa karatun jami'a nauyinsu ne, wai gwamnati ba saniyar tatsa ba ce, wai burs yana koya wa matasa zaman jiran a ba su. Na tsaya da guga a hannu har ruwan ya zube a ƙafata. Ban taɓa jin an ci amanata kamar wannan rana ba, alhali ba ni aka yi wa alkawarin ba. Wadda aka yi wa tana cikin ƙasa, ba ta iya tashi ta ba shi amsa.

Da ya zo gida hutun salla na je na same shi. Ya taso ya tarbe ni, ya durƙusa, ladabinsa na nan yadda na san shi. Na ce masa na ji shi a rediyo, na kuma ba shi labarin Amsatu.

Ya ce, "Baba Mushe, zamani ya canza. Mu da muke ciki mun san abin da ke cikin asusu. Ba za a iya ɗaukar kowa ba."

Na ce, "Kai da aka ɗauka fa, Ari? Lokacin asusun cike yake?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ita yarinyar ku bar mini ita."

Ya shiga ɗaki ya fito da kuɗi a cikin ambulan. Na san abin da Yaya za ta yi da wannan ambulan, a gabansa za ta ajiye shi ta kaɗe zanenta. Ni na karɓa. Na tuna fuskar Amsatu a tasha, na sa hannu biyu na karɓa har da godiya, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau. Da shi Amsatu ta koma Damagaram a shekara ta biyu, a wannan karon ma sunanta bai fito ba. Bayan 'yan watanni abin da ke ciki ya ƙare. Na kira Ari, ya ce yana taro. Na sake kira, ya ce zai neme ni. Daga nan wayar ta riƙa ƙara har ta gaji. Ban ce mugu ne ba, mutum ne, kuma mai kyauta yakan gaji. Abin da Yaya ta yi ta faɗa ke nan tun muna yi mata dariya: karatun ɗan talaka ba ya tsayuwa a kan halin kirkin mutum ɗaya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yaran da ta rubuta a kaye sun girma, kowa da takardarsa daidai, ba wanda aka ƙara wa ko wata guda. Lise ya cika da 'yan mata, abin da ta yi ta fata. Ta gyara duk abin da ke hannun talaka ya gyara. Sai ga shi waɗanda suka haye da kuɗin jama'a su ne ke bayanin dalilin da ya sa na baya ba za su haye ba, da Faransanci mai kyau wanda burs ya koya musu. Na san ana cikin matsi, ni ma a ƙasar nake, ina sayen gero. Amma ban taɓa jin matsin ya hana a sayi motar ofis ba. Kullum a kan kwanon ɗalibi ake tuna cewa babu.

Makon jiya Ya Bintu ta yi sallama a gidana da rana tsaka, Amsatu na bayanta. An gaya musu bana ce shekarar ƙarshe, idan ta wuce yarinyar ta haye ƙa'idar shekaru. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi.

Ta ce, "Mushe, an ce in an samu shaidu biyu ana iya yin sabuwar takarda, a rage mata kamar uku. Kai mutane na jin maganarka. Kayen nan kuma a wurinka yake, in ka cire shafin ba wanda zai sani. Allah ya jiƙan Ya Falmata, amma da ba ta rubuta ba, da yanzu mun huta."

Ban ji haushinta ba, uwa ce. Na ɗauko kayen na buɗe, ga rubutun Yaya a tsaye kamar jiya ta yi shi. Wallahi na fara lissafin wanda zan nema ya zama shaida na biyu. Amsatu ce ta miƙo hannu ta rufe littafin a kan cinyata.

Ta ce, "Baba, kada a taɓa shi. Ranar da aka haife ni ke nan. Ni ban makara ba, a kan lokaci na ci jarrabawata."

Uwar ta fashe da kuka. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, tsoho da furfura yarinya ta tuna masa abin da yayarsa ta mutu a kai.

Abin da ya rage na Ya Falmata ke nan, na auna na sake aunawa. Keken rubutun ya yi tsatsa, alkawarin da aka yi a kan tabarmar makokinta ya bi iska. Saura kayen, da yarinya ɗaya da ta ƙi a yi mata ƙarya ko da ƙaryar ce za ta kai ta jami'a. Shekaranjiya na haɗa dosiyen Amsatu karo na uku, na duba sau uku yadda Yaya take yi, na kai tasha da kaina na ba motar Yamai. Ranar haihuwarta ta gaskiya ce a ciki.

Ari, na san kana karanta jarida, kai da sauran da ta buga wa takardu. Ba ambulan nake nema ba, kada ka aiko. Bakin da ka yi alkawari da shi nake nema, a ɗakin da ake yanke abin da za a ware wa ɗalibai. Baba ya ƙara wa Falmata damina uku cikin rashin sani, ya mutu yana neman gafara. Amsatu ba wanda ya ƙara mata komai. Tana zaune a gida kun ci mata damina biyu kuna sane, ga ta ukun nan hadarinta ya fara haɗuwa.