Hannun Malam Maccido

Duk wanda ya zauna Sakkwato a wancan zamani, ko bai san fuskar Malam Maccido ba, ya san aikinsa. Malamai ke rubuta waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi, amma waƙa a takarda ai kwance take. Sai an kai wa Maccido ya sa mata kari, wato muryar da za a rera ta da ita, sannan ta tashi ta shiga gari, ka ji ta a bakin majema da mata wurin daka.

Ubansa makaɗin kotso ne a Alƙalawa. Ranar da garin ya faɗi a hannun masu jihadi, waɗanda suka hana kiɗa, aka fasa gangar a gabansu, Maccido yana saurayi, bai ce uffan ba. Ya biyo ayari zuwa Sakkwato, ya duƙufa ga karatu har ya ƙware wajen auna baiti, ya buɗe zaure kusa da Ƙofar Rini. Manyan mutane, gemu-gemu da su, suna tasowa tun daga Gwandu don su zauna gabansa.

Sai dai fa hannun nan nasa na dama bai taɓa tuba ba. In yana neman kari, yatsun sai su hau cinya su yi ta bugu. Haka kuma yake koyarwa: ya kama tafin ɗalibi, ya buga masa baitin a ciki har ya zauna masa.

Maƙwabcinsa Malam Gidaɗo ne ya kai ƙara. Kada ma wani ya ce hassada ce, Gidaɗo masani ne mai tsoron Allah, kuma har zuciyarsa ya yarda cewa kiɗan Alƙalawa ne ya naɗo rawani ya shigo birni. Alƙali ya nemi sauƙi, ya ce Maccido ya rantse ya bar bugun hannu ya ci gaba da zaurensa, in ya ƙi a rufe. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Maccido ya ce, "Allah shi gafarta Malam, an fasa kotson ubana ban tanka ba, don icce ne da fata. Wanga hannu kuwa ba ni na sassaƙa shi ba. Ba ni rantsewa."

Aka rufe zauren. Ɗalibai suka watse, ya koma ɗinkin huluna. Abin ya ci masa rai ƙwarai, musamman in ya ji ana rera karinsa a kasuwa alhali mutane na kauce masa a hanya. Matarsa Hajjo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce taurin kansa ya fi na jakin gishiri. A banza. Wasu malamai suka riƙa aiko masa da waƙa a ɓoye, ya mayar. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne, mai son kari ya zo ƙofar gida da rana tsaka ya miƙo tafinsa. Masu wannan ƙarfin hali ba su da yawa.

Da tsufa ya zo, ciwo ya shanye masa ɓarin hagu ya haɗa da harshe. Abin da ya rage masa sai ɗan gunji a maƙogwaro da hannun nan na dama.

A shekarar ce Sadiyatu, 'yar Gidaɗo guda ɗaya tilo, ta rasu. Uban ya rubuta mata waƙar makoki. Baitoci sun yi kyau, amma duk wanda ya gwada rerawa sai ta ƙi zama. Ya kai nan, ya kai can, har dai wata la'asar ya yi sallama a gidan Maccido, ya roƙi Hajjo ta yi masa iso zuwa ɗaki.

Maccido ya ɗaga yatsa ya nuna waje.

Hajjo ta ce wa Gidaɗo, "Malam, ka dai san sharaɗinsa."

Aka tallabo Maccido aka jingina da bango a ƙofar gida. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya, har da waɗanda suka halarci shari'ar. Gidaɗo ya karanta baitin farko. Sannan ya naɗe hannun riga ya miƙa tafinsa.

Maccido ya kama, ya shiga bugawa yana gunji, kuma wallahi bai sassauta ba, har bakin hanya ana jin sautin. Kafin a yi nisa Gidaɗo ya kama karin. Ya rera sunan 'yarsa, hawaye na bin gemunsa, ɗaya hannun nasa kuma ya hau cinya yana bugu bai sani ba.

Maccido ya dubi hannun. Ya saki tafin, ya miƙa ya kai masa duka, don Gidaɗo yana sauri a bugun.