Bututun Hayaƙi a Rufin Maman Rahila

Har gobe ina tuna safiyar da na fara hango rufin gidan nan a Damagaram. Muna shan kwana a kan moto, ni da maigidana Shef Mutari, sai ga shi tsakanin rufunan kwano, ja mai duhu kamar lallen da ya kwana biyu a hannu. Na ce, "Maigida, wanda ya yi rufin nan yana son wata." Ya ce, "Laminu, riƙe tsani da kyau, ka bar mana karatun littattafanka."

Ga waɗanda ba su san irinsa ba, tuwil ake ce masa: fale-falen yumɓu ne gasassu da ake jerawa bisa katako, kowane ya hau kan na ƙasa da shi, ruwa ya gangare. In sun tsufa, taku ɗaya kan fasa su.

Mai gidan, Baba Yakubu, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Matarsa Maman Rahila ita ke dafa abincin biki da suna da na taron majami'arsu. Hayaƙin itace ya ci idanunta har likita ya ce ko hayaƙi ya fita daga madafar, ko ita ta fita. Madafar kuwa ɗakuna sun kewaye ta, ba mafita sai sama, ta gefen rufin da ke kallon titi.

Shef ya bayyana musu aikin. Za a kafa rumfar ƙarfe bisa murhu, da ƙaramar fanka mai zuƙe hayaƙi, bututu ya ratsa rufi. Gindinsa za a sa masa fallen kwano, samansa ya shige ƙarƙashin layin tuwil na sama, ƙasansa ya kwanta bisa layin ƙasa, don kada ruwa ya samu ƙofa. Tuwil ɗin da ke kewaye sai an yanka, kuma dole wasu su fashe.

Maman ta ce, "Bututu bai dame ni ba. Faci ne ba na so. Zan tsaya a titi in duba, in na iya nuna sabo da yatsa, ku kwashe kayanku ku toshe."

Baba Yakubu ya ce a hankali, "Idonki fa."

"Idona ne, Malam."

Muka kai tuwil guda ɗaya wurin wata mai ginin tukwane a Mirya. Ta yi mana irinsa sak, girma da lanƙwasa, amma da suka fito daga wuta launinsu kamar cikin kabewa. Na shafa musu toka, na shafa kunkunniya, Shef ya watsa ruwa kofi ɗaya, komai ya wanke. Ga damina ta kusa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai Shef ya zagaya gidan, ya dawo ya ce, "Bayan rufin ma shekarunsa ɗaya da gaban." Muka ciro tsofaffi daga baya muka jera su kewaye da bututu, sababbin muka mai da su baya. Ni ne a sama, ba takalmi, ina tafiya bisa katakon da muka shimfiɗa don nauyi ya rarrabu.

Da muka gama Maman ta fita titi, ta daɗe tana kallo tana share ido da gefen mayafi. Sannan ta shige gida. Can sai na ji muryarta daga bayan gida wurin igiyar shanya: "Sarkin soyayya, zo nan." Ashe ta ji Shef yana zolayata da sunan nan. Ta nuna sama. "Waɗannan 'yan kabewar fa?"

Na fara kame-kame, sai ta yi dariya. "Bar su, ɗana. Nan daga ni sai kaji. Mahaifin Malam ne ya jera rufin nan da hannunsa. Kullum in Malam ya dawo daga yawon yamma, sai ya tsaya a bakin titi ya kalle shi kafin ya shigo. Ba zai taɓa faɗa ba, ya yarda a fasa shi saboda ni. Ni kuma ba zan bari ya ɗaga kai ya ga tabo ba."

Na je na gaya wa Shef, na ce, "Ka gani, akwai soyayya a rufin." Ya ce, "To, jeka kunna fanka." Na kunna, Maman ta hura wuta, muka tsaya muna kallon hayaƙi yana bin bututu kamar an kira shi.

Tun daga nan, in mai gida ya kafe a kan wani abu da nake ganin ƙarami ne, ba na gardama. Nakan nemi sanin wa yake karewa, sannan in san inda zan sa sabo da inda zan bar tsoho.

Baba Yakubu ya rasu bayan 'yan shekaru. 'Ya'yan suka so su tafi da Maman Yamai, ta ƙi. Bara ina wucewa ta kasuwa na ji an kira sunana daga can tsallaken titi. Ita ce, da kwandon tattasai, za ta je girkin bikin jikarta. Ta gane ni tun daga nesa, ni kuwa sai da na matso.