Yadda Na Kashe Hajara Don In Tafi Ƙwallo

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare. An idar da sallar la'asar, hadarin da ya haɗo tun hantsi ya watse bai zubar ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana zaune a kan tabarma a gindin dogonyaron da ke tsakar gidanmu na haya a Tudun Wada. Ta miƙe ƙafafu, buhun gyaɗa a damanta, ƙwarya a cinyarta, tana ɓara. Ni kuwa ina kan kujera 'yar tsugunno, riƙe da littafi na huɗu, wato na ƙarshe, na wani labarin soyayya tsakanin aljani da 'yar Adam da muka kwashe mako uku muna bi. Saura shafi kamar arba'in mu gama. Ta bayan katanga abokaina suna ta buga ƙwallo a jikin bango suna fito, alamar in yi sauri, domin ranar ce za mu kara da yaran unguwar Jekadafari a filin firamare.

Dada ba ta yi boko ba. A wata ruga ta taso can wajen Dukku, aure ne ya kawo ta cikin gari, kuma har yau in ranta ya ɓaci Hausarta kan gudu ta bar ta da Fulatanci. Mahaifinmu direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma bai leƙo gida ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma sana'ar nan ba ta bar kowa a gidan ya huta ba. Ni ke tura baro in kai soyayyar gyaɗa inji, ƙannena mata su murje ɓawo su sheƙe a faifai, ita kuma ta durƙusa a gaban turmi tana juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso. Ƙanshin nan ya kama kayan makarantarmu, har a aji ana ce mini ɗan mai ƙuli.

Ni ne ɗanta na fari, don haka akwai kunya tsakaninmu irin ta mutanenta. Ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai, wannan," shi ne kirana. Ba ta yi mini wasa, ba ta yabona a gaban mutane, in na yi zazzaɓi ƙanwarta take aikowa ta taɓa goshina. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba, haka na ga ana yi. Amma ban san muryar dariyarta sosai ba sai da littattafai suka shigo gidan.

Rifkatu ce ta kawo su. 'Yar maƙwabtanmu ce da muke gida ɗaya, 'yan Kaltungo, mahaifiyarta malamar firamare. Ta girme ni da shekara huɗu, kuma tana da wani kwalin taliya a ƙarƙashin gadonta shaƙe da littattafan Hausa da take musaya da ƙawayenta na makaranta, wasu ba bango, wasu an ɗinke su da zare. Wata rana ina karanta ɗaya a tsakar gida ina motsa baki, sai Dada ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In karatu ne a yi shi a fili, kowa ya ji." Daga ranar ya zama ka'ida. Bayan la'asar, in an sauke kasko, sai in ɗauko kujerata in zauna kusa da tabarmarta, ina karantawa tana ɓara.

A nan muka gano ba bakinmu ɗaya ba. Ni littattafan bincike nake so, inda za a tsinci gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki, ko a sace ɗan attajiri, wani jami'i mai taurin kai ya yi ta bin sawu. Ina son yadda suke sa zuciya bugu, da yadda nake gasa da marubucin, ko zan riga shi gano mai laifin. Dada ba ta jure su. "Mutum ya rasa abin ji sai yadda aka yanka ɗan wani?" in ji ta. Littattafan yaƙi, masu takubban tsafi da bokaye da birane a ƙarƙashin teku, su ne muka yi tarayya a kai, ko da yake ita dariya suke ba ta. In jarumi ya sare mutum dubu a sara ɗaya, sai ta ajiye gyaɗa ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ko kwalbar mai ɗaya aka ba shi ya matse, da ya san aiki." Ni ma daga baya suka fara isata, domin na lura jarumin ba ya taɓa mutuwa, kuma duk inda ya maƙale akwai wani tsoho da zai ɓullo da zoben sihiri.

Na soyayyar aljanu kuwa su ne ranta, ni kuma su ne abin rainina. Gani nake ɓata takarda ne: shafi goma ana kwatanta idon budurwa, shafi goma ana kuka. Ina karanta kalaman soyayyar da sauri, kunnuwana na zafi, ina addu'ar kada wani abokina ya yi sallama ya same ni a ciki.

Wanda muke kai a lokacin labarin wani aljani ne mazaunin tsohuwar rijiya, wanda ya kamu da son wata yarinya mai suna Hajara saboda waƙar da take yi in ta zo jan ruwa. Danginsa suka ce in har zai aure ta, sai dai ya ajiye aljancinsa ya zama mutum, ya san yunwa da ciwo da tsufa, ya mutu kamar kowa. Littafi uku ana ta wannan ja-in-ja. Dada ta shiga labarin nan da dukkan zuciyarta. In tana tuya sai in ji tana magana ita kaɗai, tana yi wa uwar aljanin faɗa. Sau ɗaya ta ce da Maman Rifkatu, ina ji, "Mutum ya ba ki abin da ya tara ba wuya. Amma ya ba ki kwanakinsa, wannan fa?"

To, ranar Asabar ɗin nan fiton abokaina ya yi yawa. Na lissafa shafukan da suka rage, na ga in na bi su a hankali yadda take so, har da tsayawa ta yi sharhi, sai magariba. Da na ce mata a bari sai gobe, da ta yarda, na san da haka. Amma gobe ma akwai wani wasan, kuma na gaji da rijiyar nan da mutanen cikinta. So nake a gama gaba ɗaya. Sai na kafa ido a kan shafin kamar mai karatu, na fara ƙirƙira. Na ce ana gobe ɗaurin aure dangin aljanin suka yi wa Hajara kiranye, ta fito da asuba ta nufi rijiyar, suka janye ta ciki. Na ce da gari ya waye aka ga guganta da takalminta a bakin rijiya. Na ce aljanin, da yake ya riga ya zama mutum, ya yi tsalle ya bi ta, ruwa ya cinye shi. Duk dabarar da na koya a littattafan kisan kai na zuba ta a nan, ina juya shafi biyu-biyu, uku-uku, don ta ga ana tafiya. Cikin minti biyar na rufe littafin.

Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Sannan ta tambaya, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Dada."

Ta ɗauki gefen zanenta ta goge ido, ta ce hayaƙin murhun Maman Rifkatu ne, alhali ba a ko hura wuta ba. Na ajiye littafin a kan taga na fita da gudu. A filin ma ba a sa ni ba sai da ya rage minti kaɗan a tashi, kuma yaran Jekadafari suka ci mu biyu ba ko ɗaya.

Kwana uku Dada ba ta da walwala. Ranar Laraba Rifkatu ta zo yi wa ƙanwata kitso a tsakar gida, ni kuma ina bakin kwata ina wanke kayan makaranta. Dada tana mulmula ƙuli, sai ta ce, "Rifkatu, mai littafin nan naki ba shi da imani. Ya wahalar da bayin Allah littafi huɗu, sannan ya zuba su a rijiya."

Rifkatu ta saki gashin da ke hannunta. "Wace rijiya, Dada? Ai sun yi aure. Har tsufa suka yi tare, da jikokinsu. Wurin da ya fara ganin furfura a kansa yana murna, ba a karanta miki ba?"

Na sunkuyar da kai cikin bokiti, kumfa na cin idona, ina jiran saukar abin da ya cancance ni. Dada ba ta ko waiwayo inda nake ba. Ta ci gaba da mulmula ƙulinta, ta ce a hankali, "To, ƙila ni ce ban ji da kyau ba. Kunnen nan ya fara tsufa."

Da ta zage ni, ko ta haɗa ni da mahaifina ya zane ni, da tuni na manta. Amma rufa mini asiri ta yi a gaban 'yar maƙwabta, ta ɗora laifin a kan kunnenta. Washegari bayan la'asar na ɗauko kujerata da wani sabon littafi, na zauna kusa da tabarma ina ta gyaran murya. Ta ce, "Je ka wasanka, ana jiranka." Ba faɗa a muryarta, ba gori. Na sake gwadawa sau biyu a makon, amsar ba ta canza ba. Ni kuma, da wautar ƙuruciya, har da jin daɗi a ƙasan raina cewa na samu 'yanci.

Bayan ƙaramar salla sai na fara ganin wani sabon abu. In an sauke kasko, Dada ta kan wanke hannu da toka, ta shiga barandar Maman Rifkatu, su zauna da littafin 'yan aji ɗaya da guntun alli. Ina wucewa da ƙwallo a hammata ina jin ta tana haɗa baƙi da wasali, ba, be, bi, tana tuntuɓe, ƙannena na ƙunshe dariya. Mace mai 'ya'ya biyar, da hannun da wuta ta gama ƙonawa, tana riƙe alli kamar zai fashe. Ta yi fiye da shekara biyu kafin ta iya bin layi da yatsa ita kaɗai. Ba ta taɓa neman in taya ta ko da kalma ɗaya ba. In ta maƙale, sai ta tashi ta je ta tambayi Rifkatu, ko da ina zaune a gabanta.

Yanzu ina da iyalina a unguwar Madaki, kuma kantar littattafaina ta fi kwalin Rifkatu sau goma. Har yau na bincike na fi so, ba zan yi ƙarya ba, ko da yake na gane da zarar na san mai laifin ba abin da ke sa in sake buɗe su. Na soyayyar aljanu har gobe ina ganin da yawansu surutu ne da maimaici, in ka karanta uku ka karanta talatin. Sai dai bakina ya mutu wajen kushe su. In abokan aiki suna dariyar matan da ke bin irin waɗannan labarai, shiru nake yi, domin na san wata da ba ta da komai na kanta a yini sai wannan sa'a guda, kuma na san wanda ya ɓata mata ita.

Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Sau da yawa na shirya maganar a mota, in na isa sai kunyar nan ta tare ni a bakin ƙofa, na gaishe ta, ta tambayi yara, mu yi zancen tsadar gyaɗa. Idonta ya yi rauni yanzu, ta daina tuya, ƙaramin rubutu ya fi ƙarfinta. Ƙanwata ta zuba mata labarai a waya, irin waɗanda wata murya ke karantawa. Makon jiya na same ta a baranda bayan la'asar, wayar na kan cinyarta, wata baƙuwar mace na karanta mata labarin wata aljana. Tana ganina ta laluba ta kashe. Na ce ta bar shi mu ji tare. Ta ce a'a, ba sauri take ba, zai jira ta. Muka zauna muna kallon jikokinta na guje-guje, har na yi sallama. Ina kaiwa zaure na ji muryar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na daɗe a tsaye a wurin, makullin mota a hannuna, ina saurare ta bayan bango. Dā ni ake jira a zo a karanta, yau ni ake jira in tafi.